Ranar da Nan-Take Ya Ƙara wa Katin Yayarsa Gudu

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da kowa a layinsu yake kira Nan-Take. Ba iyayensa ne suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da ka kawo shagonsa, tun kafin ka gama bayani zai ce maka, "Ajiye, nan take." Da sunan ya bi shi, maimakon ya ji haushi, sai ya sa aka rubuta masa shi da jan fenti a saman ƙofa.

Kar in zalunce shi, yana da hannu. Shekara shida ya yi yana koyon aiki a wurin wani dattijo da shagonsa ke tsallaken titi. Amma tun da ya buɗe nasa shagon, ya yi aure, ya fara ajiye tumbi, sai ya soma ganin dattijon a matsayin tsohon yayi. A gaban idonsa yana ce masa Baba. In ya ba da baya kuwa, sai ya ce Baba Sai-Jibi, domin dattijon bai taɓa ce wa mai kaya ya dawo yau ba.

Nan-Take yana da yaya mace, mai zanen gine-gine. Shekara tara ta yi tana aiki a ƙarƙashin wasu, ita ta yi zane, wani ya sa hannu. Da ta gaji, sai ta yi ƙundunbala ta ajiye aikin, ta kama ɗaki ɗaya kusa da gidanta. Tebur ɗaya, kujeru uku, sai tsohuwar kwamfutar tebur da ta saya tun tana ɗaliba. Wata biyar ta yi ba ta samun komai sai zanen katanga da ƙarin banɗaki.

Ana nan sai wata likita ta neme ta. Tana son gina ƙaramin asibitin mata da yara. Ta faɗa mata gaskiya cewa masu zane biyu take dubawa, za ta zo ranar Alhamis da ƙarfe goma ta ga aikinta, wanda ya fi kwanta mata a rai shi za ta ba.

Yaya ta zage ta yi aiki. Ta gina asibitin a cikin kwamfuta yadda mutum zai shiga ta ƙofa, ya bi baranda, ya leƙa kowane ɗaki kamar an riga an gina. Matsala ɗaya ce. Da zarar ta fara yawo a cikin ginin, sai hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi.

Ranar Litinin ta biya shagon ƙanenta.

"Auta, zo ka ɗaukar mini kwamfutar nan ka kai wa Baba," in ji ta. "Na yi masa waya. Ya ce katin hoton ne ya gaji, amma zai iya ƙara masa ɗan gudu. In an kai yau, a karɓa Laraba da yamma."

Ga wanda bai sani ba, katin hoto wani allo ne a cikin kwamfuta mai fanka a jikinsa, shi ke zana duk abin da kake gani a sikirin. Ana iya sa shi ya yi sauri fiye da yadda kamfani ya saita shi, amma duk saurin da ka ƙara masa, zafi ka ƙara masa.

Nan-Take ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ta.

"Haba Yaya. Wato ina nan da raina za ki tsallake shagona ki kai wa Sai-Jibi? In mutanen layi suka ga kayan gidanmu a can, wa zai ƙara kawo mini nasa?"

"Ni ba ruwana da rigimarku. Aikin nan shi ne rayuwata, Auta."

"Shi ya sa ma. Aikin minti ashirin ne zai riƙe miki kwana uku, yana rubuce-rubuce a takarda kamar mai cin jarrabawa. Ki bar mini. Yau ɗin nan zan zo."

Ta dube shi. Ita ce ta goya shi, kuma ba ta taɓa iya ce masa a'a sau biyu a jere ba. Ta ce to.

Abin haushin, Nan-Take bai zo ranar Litinin ba. Talata ma bai zo ba. Sai Laraba da yamma ya faɗo ofishin yana share baki, wato daidai lokacin da Baba zai ce a zo a karɓi kaya.

Ya san yadda ake aikin nan. Ya ga Baba ya yi shi ya fi sau hamsin. A buɗe kwamfuta a share ƙura tukuna. A duba man sanyaya katin. A ƙara gudu kaɗan, a gwada, a duba zafi, a rubuta, sannan a sake ƙarawa. Duk ya sani, amma Yaya tana tsaye a kansa, shi kuma ya riga ya cika baki da minti ashirin.

Ko murfin kwamfutar bai buɗe ba. Ya sauke manhajar da ake ƙara gudu da ita, ya kama ma'aunin gudun katin ya ja shi can nesa. Ya kama na memori, wato ma'ajiyar katin, shi ma ya ja. Da ya ga na ƙarfin wuta a kulle, sai ya buɗe shi ya ƙara, abin da Baba ya sha hana shi yi wa tsohon kati.

Fanka ta fara kuka.

"Wannan ƙarar fa?" Yaya ta tambaya.

"Alamar aiki ce. Zo ki gwada."

Ta zauna ta buɗe asibitin. Hoton ya tafi sumul, ba tsayawa ba ɗingishi. Ta shiga ta ƙofa, ta bi baranda, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Minti biyu kacal ta yi a ciki, ya ce ya isa haka. Sannan ya danna wani ɗan akwati a ƙasan manhajar, wanda ke sa kwamfuta ta tashi da sabon saitin duk lokacin da aka kunna ta. Ya kashe, ya duba agogo.

"Minti goma sha bakwai," in ji shi. "Ki gaida Baba."

Ranar Alhamis tun tara da rabi yana ofishin. Ba wanda ya gayyace shi. Ya sha guga, ya cika aljihun gaba da katunan tallan shagonsa, domin a lissafinsa likitar za ta tambayi wanda ya sa tsohuwar kwamfuta gudu haka, kuma asibiti ai ba ya rasa kwamfutoci.

Likita ta zo ƙarfe goma daidai. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Yaya ta ce mata, "Wannan ƙanena ne," suka gaisa, ya koma kujerar kusurwa ya harɗe ƙafa.

Aka fara. Yaya ta shigar da ita ta ƙofar asibitin, ta nuna mata inda masu jira za su zauna, da tagogin da ta sa ta yadda iska za ta ratsa ba tare da rana ta dame su ba. Likita ta gyara zama, ta matso da kujerarta.

"Koma baya kaɗan," in ji ta. "Wannan hanyar daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin tiyata, gado zai iya juyawa a kwanar?"

"Zai juya, Likita. Na auna da gadonku. Bari ki gani."

A nan ne wasu ƙananan ɗige-ɗige kore da ja suka fara fitowa a bangon ɗakin haihuwar. Nan-Take ya gan su tun kafin kowa. Ya san me suke nufi. Katin ya yi zafi, ya fara zuba shirme. Da ya tashi a lokacin ya ce a dakata minti ɗaya ya mayar da saitin, da an wuce wurin. Amma tashi yana nufin ya faɗi dalili, sai ya zauna yana addu'a a zuci.

Ɗige-ɗigen suka zama layuka. Bangon ya tsage gida-gida. Sai sikirin ya yi baƙi, fanka na ta kuka ita kaɗai.

"Auta," Yaya ta ce a hankali.

Ya taso ya kashe, ya kunna. Kwamfutar ta tashi, ta ɗauko saitin da ya ce ta riƙa tashi da shi, ga kati da zafi kamar garwashi. Yaya na buɗe zanen, ta sake ɗaukewa. Ya sake kunnawa. A karo na uku ko manhajar bai kai ga buɗewa ba, ta mutu a hannunsa. Gumi ya karyo masa. Akwai hanyar da ake tayar da kwamfuta ba tare da ta ɗauko irin waɗannan saituna ba, hanyar da ya koya tun shekararsa ta farko, amma ta ɓace masa fes.

Likita ta dubi agogonta, sannan ta dube shi.

"Wani abu aka yi mata ne?" ta tambaya.

Tambayar tasa ce. Shi ta kalla, shi ke tsugune a gaban kwamfutar. Yaya ma ta juyo ta dube shi, ta ba shi lokaci. Nan-Take ya sunkuyar da kai yana jan wata waya da ba abin da ya same ta. Bakin nan da ba ya rufuwa a shago, ranar ko uffan bai ce ba.

Sai Yaya ta ce, "A'a Likita, tsufa ne kawai. Laifina ne, ban kula da ita yadda ya kamata ba. Ki yi haƙuri."

Ta ɗauko zanen da ta buga a takarda ta shimfiɗa a tebur. Likita ta duba na ɗan lokaci, ta yi tambaya ɗaya ko biyu, sannan ta miƙe ta ce marasa lafiya na jiranta.

"Zan neme ki," in ji ta.

Bayan ta fita, Nan-Take ya tsaya yana jiran faɗa. Da Yaya ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Naɗe takardunta kawai ta yi, ta ɗaure da roba.

"Ɗauki kwamfutar ka kai wa Baba," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Jama'a, nisan da ke tsakanin shagonsa da na Baba bai wuce taku talatin ba, amma bai taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ya sauka daga mota a ƙarƙashin allon nan mai jan fenti, ya rungumi kwamfutar a ƙirji, ya doshi tsallake. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya dakatar da keke ya leƙo.

"Nan-Take, ina zuwa da kaya? Ko hanya ce ta ɓace maka?"

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Baba yana zaune yana cire wani ƙaramin noti da tabarau a kan hanci. Ya ɗago ya ga kwamfutar, ya gane ta, ya ga fuskar mai ɗauke da ita. Ya ture kayan da ke kan tebur gefe.

"Ka buɗe ta kafin ka taɓa?"

"A'a, Baba."

"Wuta fa?"

"Na ƙara."

"Ka kuma ce ta riƙa tashi da saitin."

Nan-Take ya gyaɗa kai.

"To," in ji Baba. "Jawo kujera. Ni ba zan taɓa ba, idona ya yi rauni. Kai za ka yi."

Idon Baba lafiyarsa ƙalau, kuma dukansu biyu sun san haka.

Suka bar ta ta huce. Nan-Take ya tayar da ita ta hanyar nan da ta ɓace masa da safe, ya cire alamar da ya sa a ɗan akwatin, ya mayar da komai yadda kamfani ya saita. Sannan ya kwance murfin. Abin da ya gani ya ƙara masa kunya. Ƙura ta dunƙule a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke janye zafi, ta toshe su kamar an cusa auduga. Da ya ɗaga ƙarfen, man sanyayan da ke ƙasa ya bushe ya farfashe, yana taɓa shi ya zube gari.

"Ka gani?" Baba ya ce. "Dama numfashi ne ba ya samu, shi ya sa yake rage wa kansa gudu don kar ya ƙone. Kai kuma ka zo ka ce ya yi tsere."

Ya share ƙurar da buroshi yana riƙe da fanka don kar ta juya. Ya goge tsohon man, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar da komai. Suka duba akwatin wutar kwamfutar su tabbatar zai iya ɗaukar ƙarin nauyi. Da suka kunna suka sa gwaji, tun ba a ƙara wa katin komai ba, zafinsa ya sauko daga digiri casa'in da wani abu zuwa sittin da takwas, hoton kuma ya daina yawancin ɗingishinsa.

"Allah ya taimake ka bai ƙone ba," in ji Baba. Ya miƙo masa takarda da biro. "Sha biyar. Kar ka wuce."

Haka suka yi ta yi. Ya ƙara wa ma'aunin gudu sha biyar, ya sa gwaji na minti ashirin, idonsa a kan zafi da kan hoto, ya rubuta. Ya sake ƙara sha biyar. Ma'aunin wuta kuwa Baba ya ce ko kallonsa kar ya yi. Ranar Juma'a da hantsi, da suka kai ɗari da biyar, ɗigo ɗaya ya gilma a kusurwar sikirin.

"Ɗaya ne kawai, Baba."

"Jiya ma da kaɗan aka fara, ko ba haka ba? Koma baya taku biyu."

Ya koma saba'in da biyar. Sai da suka gama da wannan sannan suka taɓa memori, shi ma kaɗan-kaɗan. Daga nan suka buɗe asibitin Yaya, suka bar shi yana yawo a ciki awa uku cur. Zafi bai wuce saba'in da huɗu ba, ɗigo ko ɗaya bai fito ba.

Suna zaune suna kallo ne Nan-Take ya gaya wa Baba sauran labarin. Tambayar likita, da shirun da ya yi, da abin da Yaya ta ce.

"Kati dai ya warke," in ji Baba. "Wancan kuma ba a shagona ake gyara shi ba."

Asabar da safe ya mayar wa Yaya kwamfutarta, ya haɗa mata wayoyi. Bai gaya mata inda za shi ba. Ya wuce asibitin da likitar ke aiki, ya zauna a benci a tsakiyar mata masu goyo har awa biyu, kowa na kallonsa ana mamakin abin da ya kawo ƙato layin awon jarirai. Da layi ya ƙare aka ce ya shiga.

Ta gane shi. Ya tsaya a gaban teburinta ya faɗi komai. Ya ce kwamfutar ba sakacin yayarsa ba ne, ita ta so ta kai wa wanda ya iya, shi ya hana. Shi ya lalata saitin ana gobe za ta zo. Ya ce ya ga alamar tun kafin ta mutu, ya yi shiru. Ya roƙe ta ta ba Yaya minti talatin kawai.

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Na gode da ka zo. Ba kowa zai iya ba," in ji ta. "Amma jiya na sa hannu da ɗayan."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Bari in faɗa maka gaskiya, tunda ka faɗa mini. Zanen yayarka ya fi kwanta mini. Kwamfuta ta mutu ba komai ba ne, mu ma na'urorinmu suna mutuwa. Shi ya sa na yi tambaya. Da aka ce mini ba ta kula da ita ba, sai na ce a raina, wadda ta san mako guda ina zuwa ba ta duba kayan aikinta ba, za ta duba mini rufi? Da ka yi magana a lokacin, da cewa zan yi a gyara in dawo."

Bai san yadda ya fito daga ɗakin ba.

Da ya isa ofishin Yaya, ya tarar da ita a gaban kwamfuta tana yawo a barandar asibitin, fuskarta a sake.

"Auta, zo ka gani. Awa biyu ke nan, ko gezau. Litinin da safe zan kira Likita in roƙe ta ta sake zuwa."

Ga kujeru biyu babu kowa a kai, amma a ƙasa ya zauna, kusa da ƙofa.

"Yaya, kar ki kira ta. Daga wurinta nake."

Ya gaya mata duk abin da likitar ta ce, bai rage ko kalma ɗaya ba, har da maganar rufi. Yana magana hawaye na zubo masa, ƙato da shi, bai ko share ba.

Yaya ta juya ga sikirin. Sannan ta adana aikin, ta rufe asibitin da ba za a gina ba.

"Wato da ka yi magana, da ta dawo."

"Eh, Yaya."

"Da ni ma na yi shiru na bar ka da tambayarka, da dole ka amsa." Ta juyo ta dube shi, idonta ya yi ja. "Tun kana fasa kofunan Mama nake cewa ni ce. Na ɗauka taimakonka nake yi. Daga yau na daina, Auta. Wanda ka fasa, kai za ka faɗa."

Darasi: Tsohon kati da sannu ake ƙara masa gudu. A share shi tukuna, a ƙara kaɗan, a gwada, a duba zafi, kar a taɓa wuta, kar kuma a ce ya riƙa tashi da saitin da ba a tabbatar da shi ba. Amma babban darasin ya wuce kwamfuta. Girman kai ne ya lalata katin, kuma an gyara shi cikin kwana biyu. Shiru ne ya lalata aikin Yaya, shi kuwa bai gyaru ba. In ka yi kuskure, faɗe shi a lokacin da faɗar za ta yi amfani, kar ka bar wanda ke ƙaunarka ya ɗauki laifinka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda yau ɗin nan aka yi masa tambaya yake shirin yin shiru.